Sitikar leda mai garai-garai: me ya sa rubutuna ya ɓace a jikin kwalba, kuma da me zan yanka?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa humra da turaren wuta a gida, ina kuma yin zoɓo da kunun aya na sayarwa. Na sayi firinta Epson L3250 da fakitin sitika irin ta leda wadda ake hango bayanta garai-garai, don in riƙa buga tambarina da kaina. A waya zanen ya yi kyau, amma da na buga sai farin rubutun ya ƙi fitowa, ruwan hodar ya dushe, da na liƙa a gorar zoɓo ko sunana ba a gani. Tawadar kuma tana bin hannu. Firintar ce ba ta da kyau ko ledar? Sannan in sayi injin yanka ne, ko almakashi ya wadatar?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ki kwantar da hankalinki, firintarki lafiyarta ƙalau, ita ma ledar mai yiwuwa ba ta da laifi. Je ki duba tankunan tawadar da ke jikin injin. Huɗu ne: baƙi, shuɗi, wani ja mai kama da ruwan hoda mai duhu, sai rawaya. Babu fari a cikinsu. Duk farin da kika taɓa gani a takardar da aka buga, hasken takardar ne kanta, firinta tana tsallake wurin ne kawai ba ta zuba komai ba. To yau kin ba ta leda wadda ba ta da farin kanta. Ta yi abin da ta saba, ta tsallake, wurin ya zama fili. Farin rubutunki yana nan, sai dai ya zama taga.

Ruwan hodar ma ta nan aka yi asararsa. Firinta ba ta da wata tawada mai suna ruwan hoda. Ɗige-ɗigen jan nan take yayyafawa da rata a tsakaninsu, farin takarda ya leƙo ta cikin ratar, ido ya haɗa su ya ga ruwan hoda. Haka take yi wa ruwan toka, da sararin samaniya, da ruwan madara, da duk wata kala mai haske. A jikin gorar zoɓo, abin da ke leƙowa ta ratar zoɓo ne. Sannan ita tawadar a kan kanta rini ce, ba fenti ba. Fenti yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa, rini kuwa shiga yake yi ya gauraya da shi. Ki kai farin yadi marinar Ƙofar Mata, zai dawo miki shuɗi shar. Ki kai baƙi, baƙinsa zai dawo, kuma marini bai cuce ki ba.

Ni ma sai da na biya kuɗin wannan karatun. Farkon buɗe shagona wani mai zuma ya ba ni aikin tambari, ya ce rubutun ruwan gwal yake so. A kwamfuta ya yi ƙyalli kamar a sace. Na buga takardu da yawa ba tare da na gwada ko ɗaya a kwalba ba, saboda a kan farar takardar da ke bayan ledar komai ya fito ras. Da muka ɓare ɗaya muka liƙa, gwal ya shige cikin zuma ya yi ɓatan dabo, sai lambar waya da aka rubuta da baƙi ce ta tsira. Daga aljihuna na sake aikin. Na kawo wannan ne don masu humra suna son ruwan gwal sosai, kuma shi ma ba ya cikin tankunan nan. Rawaya mai ɗan duhu kawai za ki samu, babu walƙiya. Kuma ki lura da yaudarar da ta kama ni: matuƙar ledar tana kan takardar bayanta, kyau za ta yi miki, don aron farin takardar take yi.

Saboda haka aikin wannan sitika daga kwalba yake farawa, ba daga waya ba. Ki jera kayanki a gabanki ki duba kalar abin da ke ciki. Kunun aya fari ne, ya ba ki shimfiɗa kyauta, kalolinki za su fito, tambarin ya zauna kamar a jikin gorar aka buga shi. Farar humra ma haka, da man shafawa fari, da fura da yogot ga masu yin su. Wannan shi ne inda ledar take cin kasuwarta, kuma babu farar sitikar da za ta kamo ta a kyau. Zoɓo, baƙar humra da turaren wuta a kwalbar gilashi kuwa ba gidanta ba ne. Akwai kuma abin da ake mantawa: humra ba a rana ɗaya ake ƙarar da ita ba. Idan kwalba ta yi rabi, bayan sitikar ya zama iska, don haka ki yi zanen da zai karantu ko kwalbar ta ƙare. Baƙi, shuɗi mai duhu, kore mai duhu, ja mai nauyi, da haruffa masu kauri. Siririn rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke cika manhajar zane ta Canva, a bar wa katin biki.

Kayanki masu duhu fa? Hanya mafi sauƙi ita ce ki saya musu farar sitika ta leda, ba ta takarda ba, ki huta. Idan kuma lallai kamannin nan na garai-garai kike so a kan zoɓo, sai an je inda ake da farar tawada. Manyan injinan buga SAV, wato ledar sitika mai gam a bayanta, na kamfanoni irin su Roland da Mimaki akwai masu ɗaukar fari, haka injinan UV waɗanda ke busar da tawada da fitila nan take. Suna fara shimfiɗa fari daidai siffar zanenki, sannan su ɗora kala a kai, sauran wurin ya zauna fili. In kin je, kada ki tsaya a "kuna buga sitika mai garai-garai?" domin kowa zai ce e. Ki tambaya, "injinku yana zuba farar tawada?" Da yawa ba ya yi. Akwai kuma wanda ake kira UV DTF, da ake bugawa a kan wata leda da fari da kala da man sheki, a haɗa ta da leda ta biyu, ke kuma ki danna a jikin kwalba ki ɓare, haruffan kaɗai su zauna da ɗan tudu. A kwalbar humra ta gilashi yana da kyau ƙwarai, har ba ya buƙatar a bi gefen zane da wuƙa. Ya fi tsada, amma ga kayan da ake sayarwa da daraja yana biyan kansa. In kuma kina sa lambar QR a tambari, ita dole sai da fari a bayanta, in ba haka ba kyamarar waya ba za ta karanta ba.

Yanzu batun tawadar da ke bin hannu. Leda ba ta shan ruwa kamar takarda. Wadda aka yi don firinta mai tawadar ruwa irin taki, an shafa mata wani siririn magani a fuska wanda ke kama tawadar. Abu na farko, ki ɗauko fakitin ki karanta: an yi ta ne don firinta mai tawadar ruwa, ko don ta lesa mai aiki da tona, wato garin tawada irin na injin fotokwafi? Idan ta lesa ce aka sayar miki, babu wannan shafin a jikinta, tawada za ta kwanta a kai kamar ruwa a kan ganyen gwaza, ko kwana nawa ta yi ba za ta bushe ba. Gwajin da nake yi: in ɗan jiƙa kan yatsa in taɓa kusurwar ledar. Idan ta ɗan kama yatsan, ta yi danƙo-danƙo, ta tawadar ruwa ce. Idan ya zame sumul, ba ita ba ce. Kuskuren ta ɗaya ɓangaren ya fi muni. Kada ki kuskura ki kai ledar tawadar ruwa shagon masu fotokwafi a saka a injin lesa. Injin yana gasa tona ne da zafin da ke kaiwa kusan digiri 200, ledar da ba a yi ta don haka ba sai ta narke ta naɗe a ciki, ku rabu da mai shago ba daɗi.

Idan ledar daidai ce, sai saiti. Kada ki bar shi a takardar rubutu. Ki zaɓi takardar hoto mai sheƙi. Amma ba kullum ne ƙurewar inganci ke taimako ba, don ma'anarsa ƙarin tawada, wata ledar kuma ba ta iya ɗauka, sai kalolin su malale cikin juna, baƙi ya yi kududdufi. In kin ga haka, sauko mataki ɗaya. Ki riƙa saka leda ɗaya ɗaya ta baya, kada ki cika tiren. Tana fitowa ki ɗauke ta ta gefe, ki kwantar a wuri mai tsabta, kada wata ta hau kanta. Za ki iya ganin wasu ƙananan ɗigo a jere a tsawon takardar, musamman a kan baƙi. Sawun ƙananan tayoyi masu haƙori ne da ke fito da takarda, suna taka tawadar tun tana ɗanya. Rage yawan tawada yana rage su. Da hunturu mintoci kaɗan ta bushe a taɓa, da damina kuwa sai kin yi haƙuri. Ni dai kwana nake bari ta yi kafin in yi mata komai.

Ko ta bushe, da sauran magana. L3250 tana aiki da tawadar rini ce a duk tankunan huɗu, wadda ke narkewa a ruwa, rana kuma tana cin ta. Ɗaya nau'in, figimen, gari ne mai laushi ƙwarai da aka dama, ya fi jure ruwa da rana, irin wanda ke cikin Epson L6490 ko Canon Maxify GX. Ban ce ki canza firinta ba, kuma kada wani mai gyara ya lallaɓa ki ya zuba miki figimen a tankin rini. Kin ga a fakiti an rubuta ruwa ba ya ɓata ta? Ledar suke nufi, ba su yi miki alkawari a kan tawadar ba. Gorar zoɓo kuwa tana fitowa daga firji ta fara zufa, a jefa ta a kula cikin ƙanƙara, ta bi hannu biyar kafin a sha. Humra ta fi zoɓo mugunta, tunda mai ce da turare. Ɗigo ɗaya ya gangaro daga bakin kwalba ya bi ta kan rubutu, sunanki ya tafi.

Maganin wannan shi ne laminatin mai sanyi, wata leda ce mai garai-garai da gam ɗinta, wadda ba ta buƙatar zafi. Ba irin jakar da ake saka takardar shaida a gasa ba. Ga yadda nake shimfiɗa ta. Ina goge tebur, in kwantar da abin da na buga. In yanko laminatin, in ɓare takardar bayanta kamar faɗin yatsu biyu kawai, in lanƙwasa. In daidaita wannan bakin da saman zanen, in danna. Daga nan hannun hagu yana jan takardar bayan a hankali ta ƙasa, hannun dama yana bin sama da tsohon katin ATM da na naɗe da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Ba a gaggawa, ba a kuma ɓare ta gaba ɗaya a ɗora, nan ne iska ke shiga. Da hunturu sai kin ƙara kula, domin leda tana janyo ƙura kamar yadda matajin roba ke ɗaukar gutsuren takarda in an goga shi a gashi. A farar sitika ƙwayar ƙura tana ɓuya. A wannan kuwa kowace ƙwaya, kowane gashi, kowane sawun yatsa yana nan a baje. Ki rufe taga, ki kashe fanka, ki wanke hannu idan kin taɓa humra. Ko da laminatin, ruwa na iya kurɗawa ta bakin yanka idan tawada ta kai har gefe, shi ya sa a tambarin abin sha nake barin ɗan fili marar tawada zagaye da zanen.

Wannan filin ne ya kawo mu ga tambayarki ta biyu, kuma nan ledar take rama miki wahalar da ta ba ki. Farar sitika idan yanka ya karkace, kowa zai ga farin gefen ya fi faɗi ta wani ɓangare. Wannan kuwa gefenta ɓacewa yake yi a jikin kwalba. Ko tambarinki zagaye ne ko siffar fure, kina iya yanka shi murabba'i ki liƙa, ido zanen kaɗai zai gani. Don haka rula ta ƙarfe da reza mai kaifi a kan katako ko tabarmar yanka sun isa, ko ƙaramin injin yankan takarda mai hannu irin na masu fotokwafi. Almakashi yana yi, sai dai gam yana taruwa a bakinsa, ki riƙa gogewa da sifirit. Abu ɗaya da ba na wasa da shi, ki zagaye kusurwoyi. Kusurwa mai tsini ce ke fara ɗagowa, farce ko gefen kula ya kama ta, ƙura ta shiga, sitika ta fara tafiya.

Injin yanka, irin su Cricut, Silhouette Cameo, Brother ScanNCut da manyan masu kyamara da ake kira fulota, yana da amfani idan aiki ya yi yawa ko siffar tana da lungu-lungu. Yawancinsu haka suke aiki: manhajar injin tana ƙara wasu baƙaƙen alamomi a gefen takarda lokacin bugawa, injin ya leƙa su da ɗan idonsa mai haske, daga nan ya lissafa inda zane yake ya bi da wuƙa. To idon nan baƙi a kan fari marar sheƙi yake nema. Leda mai ƙyalli, balle an ƙara mata laminatin, tana mayar masa da haskensa, sai ya yi ta kai da komo ya ce bai ga alama ba, ko ya gani a karkace ya yanke miki rabin suna. Dabarun da muke yi ba su da yawa: a yanka laminatin ta tsaya kafin alamomin, ko a liƙa salatif marar sheƙi a kansu, a kuma kawar da injin daga hasken taga ko ƙwan fitilar da ke dukansa kai tsaye. Ita ScanNCut hoton takardar take ɗauka da sikana, amma ita ma zane mai haske a kan leda yana ruɗa ta.

Yanka iri biyu ne. Akwai na sama-sama, wanda wuƙa ke ratsa leda ta bar takardar baya, sai ki sami shafi guda kina ɓarowa ɗaya ɗaya. Shi ya dace da ke mai liƙa wa kwalabe da yawa a zama ɗaya. Akwai kuma wanda ke ratsawa har ƙasa, kowace sitika ta fita da bayanta, na masu sayar da sitikar ko raba ta. Laminatin tana ƙara kauri, don haka saitin da ya yi jiya ba tare da ita ba, yau ba zai ratsa ba. Kullum a fara da ɗan yankan gwaji a kusurwa. Wuƙa biyu ake yawan samu a fulota, mai digiri 45 ta aikin yau da kullum, da mai digiri 60 ta abu mai kauri. Idan kala ta kai har bakin yanka, a bar ta ta zarce layin da milimita 2, don ko inji ya ɗan goce kada fili ya bayyana.

Kuskuren da ya fi kawo mini mutane suna cewa inji ya lalace shi ne girman takarda. A4 milimita 210 ne da 297. Takardar Amurka kuwa 216 da 279, kuma fakiti da yawa da ake odarsu daga waje wannan girman ne. In manhaja tana zaton wannan, firinta tana zaton wancan, ko kuma aka bar firinta ta rage zane don ya shiga shafi, alamomin sun gusa ke nan, wuƙa kuma ba ta sani ba. Ki auna ledarki da rula, ki saita girman iri ɗaya a ko'ina, ki buga a 100%. Zanen kuma ya kasance 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a ainihin girman da za a buga, kuma kada ki tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi ya dagargaza gefen haruffa. A tura shi a matsayin fayil.

Ra'ayina dai, kada ki sayi injin yanzu. Alamomin suna cin gefen takarda, tambari zagaye mai faɗin santimita 5 kamar 12 za ki samu a A4, alhali da rula kina iya matso da su ki sami fiye da haka. Ga kuɗin wuƙa da tabarma mai danƙo da ke ƙarewa, kuma ba a kowane gari ake samunsu ba. Manhajar Cricut tana yawan neman intanet, ta Silhouette tana aiki ba tare da shi ba, wannan ma abin dubawa ne. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, sau da yawa wannan shafin ya tafi. Ranar da kika ga yanka yana cinye miki lokacin haɗa humra, ki fara gwada kai zanen shagon da ke da injin bugawa da yankawa, ki kwatanta kuɗin sitika ɗari da abin da kike kashewa a gida, har da shafukan da suka lalace.

Sai liƙawa, inda ake ɓata aikin da aka sha wahalarsa. Gam ba ya kama mai, ba ya kama danshi. Ki goge kwalbar humra da sifirit ta bushe, kuma ya fi kyau ki liƙa kafin ki zuba. Gorar zoɓo da kunu a liƙa mata tana busasshiya, kafin ta ga firji, a ba ta kwana guda gam ya zauna. Wadda aka liƙa wa gora mai sanyi tana zufa, kafin a kai ta shago ta zame. Gilashi da robar ruwan sha mai garai-garai suna riƙe gam da kyau, amma robar nan mai duhu-duhu mai santsi kamar kakin zuma, irin ta jarka, tana wahalar kamawa. Ki riƙe sitikar ta gefe kada yatsa ya taɓa gam, ki fara ɗora tsakiyarta, ki shafa zuwa dama, ki shafa zuwa hagu. Ƙananan kwalaben humra masu siririn jiki suna son ƙaramin tambari, domin leda mai laminatin tana da taurin kai, kullum so take ta miƙe, sai bakinta ya ɗago.

Kafin ki ƙara taɓa sauran fakitin, ki sadaukar da shafi ɗaya. Ki jera tambarinki a kai sau shida ko takwas, kowanne da kalarsa, har da baƙi zalla. Ki bar shi ya kwana, ki yi wa rabi laminatin ki bar rabi haka. Ki liƙa su a gorar kunun aya, da ta zoɓo, da kwalbar farar humra da ta baƙa. Gorunan su kwana a firji, da safe ki fito da su su yi zufa ki murza da babban yatsa. Kwalaben kuma ki ɗiga musu humra a kan rubutun ki bari zuwa la'asar. Sannan ki ajiye su duka a kan tebur, ki ja da baya taku uku, kamar mai saye da ke tsaye a bakin kanta, ki ga wanne kike iya karanta lambar wayarki a jikinsa.